Ranar da Salama Ta Ɗaga Babban Babur

Shagona na ɗinki yana bakin hanyar Funtua a Malumfashi, yana kallon rumfar gyaran babur ta Salama, titi kawai ya raba mu. In na ɗaga kai daga keke ita nake fara gani. Yawancin abin da zan faɗa a kanta da idona na gani, sauran kuma daga bakinta da na mahaifinta na ji.

Salama 'yar ƙaramar mace ce, in ta tsaya kusa da babur da ƙyar kafaɗarta take kai madubi. Maman Judith ake ce mata a unguwa. Rumfar tun asali ta mahaifinta ce, Baba Yabo, bakaniken da ya yi suna a garin nan saboda ƙarfi. A zamaninsa bai san jak ba. Sai ya kama bayan babur da hannu ɗaya ya ɗaga, ya turo bulo da ƙafa, ya ɗora injin a kai. Masu wucewa kan tsaya kallo.

Wata damina bulon ya sha ruwa bai lura ba. Yana kwance a gefen babur ɗin wani mai fataucin hatsi yana ja da noti, bulon ya marmashe, babur ya kwanto masa a ƙugu. Ya daɗe a asibiti, ya fito da sanda, kuma tun daga nan bai sake iya tsugunawa ba. 'Ya'yansa maza biyu duk sun yi nisa, ɗaya soja ne, ɗaya kuma noma ya riƙe. Salama ce tun tana yarinya take zama kusa da shi tana wanke masa kabureta a kwano, har kunnenta ya iya rarrabe ciwon inji daga ƙararsa. Da aka fara maganar sayar da kayan aikin, sai ta ce a bar mata rumfar. Mijinta, wanda malamin firamare ne, bai hana ta ba.

'Yan acaba sun yi dariya da farko. Da suka ga tana gyara abin da aka kasa musu a wani wuri, dariyar ta ragu. Abin da ya rage mata shi ne nauyi. Ba za ta iya ɗaga babur ba, kuma ta yi wa kanta alkawarin bulo ba zai sake shiga ƙarƙashin inji a rumfar nan ba.

Wani abokin babanta ya ba ta jak na mota. Ta gwada shi sau ɗaya a kan tsohon babur, ta ga kan jak ɗin bai fi faɗin kwabo ba, babur yana rawa a kansa, ta mayar masa da godiya. Sai ta shiga mota zuwa Funtua, ta wuni wajen masu sayar da kayan gareji tana duƙawa tana karanta nauyin da aka buga a jikin kowane jak. Ta gaya mini daga baya cewa abin da take nema shi ne mai faɗin sama, da hannuwa biyu masu roba, gajere yadda zai shige ƙarƙashin inji, mai ƙarfen kullewa idan ya ɗaga, kuma wanda ƙarfinsa ya zarce duk babur ɗin da take tsammanin gani. Mai shagon ya ce mata wannan ya fi ƙarfin ƙananan baburan Malumfashi. Ta ce ta ji, a ɗora mata shi a mota.

Da ta dawo ta sa aka zuba siminti a tsakiyar rumfar. Ta ajiye faranti cike da ruwa a kai tana duba ko ya karkata, har sai da magini ya gaji da ita. Lawal mai walda ya dasa mata zobban ƙarfe a gefe da gefe. Kafinta kuma ya yanko mata gumagumai na ƙirya da siraran katakai, ta jera su a bango kamar yadda nake jera yadi. Baba Yabo yana zaune a kujerarsa a bakin rumfa yana kallon duk wannan.

Shekaru suka wuce a haka. Ranar da nake son ba da labarinta, da kaka ne, ana ta wucewa da buhunan masara. Bayan azahar muka ji wata ƙara mai kauri kamar ta tarakta, sai ga babur irin na masu doguwar tafiya, baƙi wuluk, da akwatuna a gefe da gilashi a gaba. Ni dai ban taɓa ganin irinsa kusa ba. Tankinsa kaɗai ya kai girman tulu. Mai shi dattijo ne mai furfura a gemu, Alhaji Mahadi, daga Kaduna zai je Matazu gaida mahaifiyarsa. Ya ce tun Funtua yake jin tayar baya tana gurnani, aka nuna masa nan.

Salama ta girgiza tayar, ta kasa kunne, ta ce boris ɗin da tayar take juyawa a kai ne ya ci, sai an cire tayar. Babur ɗin kuwa ba shi da ƙafar tsakiya, sai ta gefe. Alhajin ya ce nauyinsa ya haura buhun masara uku. Kafin a ce haka rumfa ta cika, ni ma na rufe keke na tsallako. 'Yan acaba suka fara naɗe hannun riga, suna cewa su taru su ɗaga, a sa turmi a ƙasa.

Ta ce, "Na gode, amma kowa ya koma bayan siminti."

Ta roƙi Alhajin ya kwashe akwatunan, ya turo babur ɗin tsakiyar simintin, ya sa shi a giya. Ta ɗaure birkin gaba da roba, ta tare tayar gaba da katako gaba da baya. Ta sassauta notocin tayar baya tun babur yana ƙasa, don kada ta zo tana jan sifana da ƙarfi yana sama. Sannan ta kwanta a ƙasa da tocila ta daɗe tana leƙen cikinsa. Alhajin ya tambaye ta me take nema, ta ce ƙashin babur ɗin, wato ƙarfen da yake riƙe da inji, domin in jak ya tokari salansa ko tukunyar baƙin mai, fashewa za su yi. Ya durƙusa da kansa ya nuna mata inda masu gyara masa a Kaduna suke tokarawa, ta duba ta ce haka ne.

Shi ya riƙe kan babur ɗin a miƙe, ita ta tura jak ta ɗaure babur ɗin a jikinsa da bel, ta fara taka fedar jak ɗin. Taku kaɗan sai ta tsaya ta zagaya ta dafa babur ɗin ta ji ko yana lilo. Sau ɗaya ta sauke shi gaba ɗaya ta matsar da jak ɗin baya kaɗan, ta sake farawa. Wurin ya yi tsit. Muna kallo wannan ƙaton ƙarfe ya fara tashi a hankali ƙarƙashin ƙafar macen da iska mai ƙarfi za ta iya turewa. Da tayar baya ta bar ƙasa kamar faɗin tafin hannu, ta sa ƙarfen kullewa, ta ɗaure babur ɗin da bel a jikin zobban nan na gefe, ta jera gumagumai da katakai ƙarƙashin ƙashinsa ta kowane ɓangare har suka tokare shi. Sai ta ce wa Alhajin ya saki. Ya saki a hankali, hannuwansa a buɗe kusa da kan, amma babur ko motsi bai yi ba. Na ji wani a bayana yana salati ƙasa-ƙasa.

Ta cire tayar, ta sake duba bel saboda nauyi ya koma gaba, ta canza boris, ta mayar. Mun ɗauka an gama. Ta kai hannu za ta zare ƙarfen kullewa, sai ta tsaya cak tana kallon ƙasa. Wani ɗan jan mai ne yake ɗiga daga cikin jak ɗin. Ta shafa da yatsa, ta miƙe ta gaya wa Alhajin gaskiya: robar cikin jak ɗin ta mutu. Zai iya ɗagawa in ana takawa, amma ba zai riƙe ba, kuma in ta zare ƙarfen babu katakan nan, babur ɗin zai iya faɗowa gaba ɗaya.

Alhajin ya ce, "To Malama, yaya za a yi?"

Ta ce katako ɗaya-ɗaya za a sauke shi, amma tana buƙatar wanda zai taka feda daidai yadda ta ce, ba ƙari ba ragi. Mutane da yawa suka matso. Sai muka ji ƙarar sanda a kan siminti. Baba Yabo ne ya taso daga kujera. Ya dogara da sandarsa, Lawal ya riƙe masa kafaɗa, ya ɗora ƙafarsa mai lafiya a kan fedar.

"Baba, rabin taku," in ji ta.

Ya taka rabi. Babur ya ɗan saki katako, ta zare ƙarfen kullewa, ta sa wani ƙarfe mai ƙugiya ta janyo katakon sama na dama, ta zagaya da sauri ta janyo na hagu. Hannunta bai shiga ƙarƙashi ba ko sau ɗaya. Jak ya yi huci, babur ya sauka kaurin yatsa ya zauna a kan katakon ƙasa. Ta ƙara ɗaure bel ɗin gefe da suka yi sako-sako, ta ce a sake. Haka suka yi ta yi, uba yana takawa, 'ya tana zarewa, gumi yana bin gemun tsohon. Aka kira la'asar, wasunmu suka je suka yi salla suka dawo suka tarar ba a gama ba. Lokacin da tayar baya ta taɓa siminti ban ji ƙarar komai ba, sai dai na ga robar ta ɗan baje.

Alhaji Mahadi ya hau ya zagaya har wajen tasha ya dawo, gurnanin ya ɓace. Ya sauka ya durƙusa ya gaida Baba Yabo da hannu biyu, ya yi wa Salama addu'a mai tsawo, ta amsa da amin tana goge sifana. Ya kama hanyar Matazu da sauran rana.

Washegari da safe na ganta ta shimfiɗa buhu ta warware jak ɗin gaba ɗaya a kai. Wani mai kayan gwari ya kawo babur ɗinsa a cire taya, ta ce ya yi haƙuri sai ta dawo daga Funtua da sabuwar roba. Ya ce ai nasa ƙarami ne, shi kaɗai ma zai iya riƙe mata. Ta ce ya dawo jibi, ta ɗauki mayafinta ta tsallaka titi ta tsaya jiran mota.