Permin Kawu da Seri C

Har yau in na ji warin gazuwal, man manyan motoci, a jikin takarda, sai permin tuƙin kawuna ya faɗo mini a rai, da ranar da ya cece ni a zauren gidanmu na Guéma.

Shekarar da na gama kwaleji ce, zamanin da kowa kamarad ne har shugaban lakwal, muna fita aji mu ɗauki fartanya mu nufi gonar makaranta. Aka raba mana takardar zaɓen seri, wato fannin karatu, na shiga lise, babbar sakandare: A ta harsuna da adabi, C ta lissafi da kimiyya. Mushe, malaminmu na lissafi, ya zaunar da ni, ya zana mini darussan shekara ukun a bayan littafina, awa bayan awa. Ya ce in injiniya nake son karantawa a jami'a, C ce ƙofar, kuma wanda ya shiga A ba ya dawowa. Abu ɗaya ya rage, sa hannun uba kafin Litinin.

Babana dillalin shanu ne. Bai yi boko ba, amma ya san A ce gaba, C ta uku, kuma a kara, kasuwar shanu, saniyar da aka jera ta uku ramammiya ce. Ya ture takardar. "Ke da kike zuwa ta ɗaya, su jefa ki ta uku? Don ubanki ba ɗan biro mai aikin ofis ba ne? A za ki yi."

Na yi bayani har makogwarona ya bushe. Taurin kaina a wajensa na gado shi, to kun ga an gamu. Kwana biyu ina kuka a bayan ɗakin girki, ina jin haushin mutumin da ke hana ni don tsananin so.

Ran Asabar kawu, ƙanin innata, ya iso daga Djougou da kamiyonsa cike da sabuwar doya. Shi da baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Sai da ya share sakwararsa tas, ya ji labarin, sannan ya zaro permi daga aljihu, duk ya yi baƙi da mai.

"Alhaji, yaran da ke zuwa Bariénou a babur, permi A gare su. Mai taksi, B. Ni da nake kwaso maka shanu, duba nan, me aka rubuta?"

Baba ya ƙura ido. "C."

"Sau biyu ina faɗuwa kafin na same ta. Ba a ba rago."

Baba ya jujjuya permin. Can ya ce, "Ashe kaya za su ɗora mata." Ya waiwayo. "Za ki iya ja?"

Na ce zan iya. Ya karɓi alƙalamin bik ya rubuta sunansa da ajami, har ya huda takardar.

Kayan kuwa ya yi nauyi, ba na ɓoye muku. Duk ranar da na yi ƙorafi sai baba ya ce ni na ce zan iya ja. Na ja har jami'a, na yi aikin hanyoyi shekaru masu yawa cikin rufin asiri. Har ya rasu, in aka tambaye shi a kara me 'yarsa ta karanta, cewa yake, "Na manyan motoci."

Yanzu yara a waya suke duba komai, ba mai jiran kamiyon Djougou. Bara jikata ta zo da tata takardar tana tambaya ko ta ɗauki C. Na buɗe baki zan yi mata dogon bayani irin na mushe, sai na ji muryar baba ta fito: "Za ki iya ja?" Ta tsaya tana kallona, ta rasa me ya sa nake dariya da hawaye.