Rumfar Bi Mashavu da Katangar Otal

Bi Mashavu gadon rumfar ta yi daga mahaifiyarta. Rumfa ce ta ganyen kwakwa a gindin wata babbar bishiya, daidai inda hanyar ƙauyenmu take gangarowa bakin teku, wurin da masunta ke janyo kwale-kwalensu. Ni da ita tare muka tashi a nan gabashin Zanzibar, ƙofar gidanmu na kallon tasu. Aure ya kai ni ƙauyen gaba, rasuwar mijina ta dawo da ni, kuma a rumfar nan na same ta, ta yi jiki, muryarta ta ƙara kauri.

Girkinta kala biyu ne, rogo da madarar kwakwa ko shinkafa, sai miyar pweza, wannan halittar teku mai hannuwa takwas da mata ke zaƙulowa daga ramukan duwatsu idan ruwa ya janye. Ita kam ta iya ta. Takan buga ta a kan yashi har ta yi laushi, sannan ta dafa da barkono mai sa mutum hawaye. Da hantsi masunta su cika benci, jikinsu duk gishiri.

Akwai wani masunci, Kombo, wanda ba ya cin abinci sai ya tsokane ta.

"Bi Mashavu, yau kuma wa ya ɓata miki rai kika huce a kan barkono?"

"Kai da ka yini kana kurɓar ruwan gishiri, har kana da harshen ɗanɗano? Ci ka ba ni wuri."

"To ƙara mini miya."

"Ka ji maras kunya!"

Turawan farko da suka fara zuwa, masu jaka a baya ne. Suna kwana a ɗakunan haya na mutanen gari, suna zama a bencinta suna fifita baki da hannu. Ta ji daɗinsu ƙwarai. A lokacin ne ta sa wa ɗakinta rufin kwano, ta kuma tura 'yarta Mwatima makarantar koyon aikin jinya a birni. Har cewa take yi, in dai baƙi ne, Allah Ya ƙaro.

Suka kuwa ƙaru. Masu gonakin kwakwa na bakin ruwa suka sayar, aka kawo motocin siminti, aka gina otal, aka ja masa katanga doguwa fara. Hanyar da muke bi tun muna yara ta ƙare a jikin bango. Bishiyar ta zama tana cikin filin otal. Aka ce wa Bi Mashavu ta kwashe tukwanenta, ai filin ba nata ba ne, kuma gaskiya ne, ba ta da wata shaida sai dai kowa ya san uwarta a wurin. Ta koma bayan katangar, gefen titi, inda ko iskar teku ba ta isowa.

Da farko ba ta karaya ba. Ta ce otal mai ɗakuna haka, ko kaɗan daga cikin baƙinsa suka leƙo ai ta warke. Ta sayi sababbin kwanuka, ta sa aka rubuta mata allo da Turanci. Amma baƙin otal ɗin daban ne. Da sun sauka ake ɗaura musu wani warwaro na roba a hannu, da shi suke ci su sha a ciki, safe da rana da yamma, sun riga sun biya tun daga ƙasarsu. In sun fito, a mota suke wucewa, gilashi a rufe. Mai shagon shayi ya rufe. Tela ya koma birni. Masu sayar da tabarma suka koma bin baƙi a bakin ruwa masu gadi na korarsu.

Sai kuma pweza ta gagare ta. Mai yi wa otal sayayya yakan tsaya da mota da akwatin ƙanƙara, ya kwashe duk abin da aka fito da shi, a farashin da ita ba za ta iya taɓawa ba. Kombo ma ya shafa wa kwale-kwalensa fenti, ya daina kamun kifi, ya koma kai baƙi yawo a teku. Wata rana ya tsaya a rumfarta, ta zuba masa rogo da miyar ƙananan busassun kifi. Ya ci shiru. Ita ce ta gaji ta ce, "Yau ba tsokana?"

"Bi Mashavu, me zan ce?" Ya wanke hannu ya tafi.

Ana nan sai wata ma'aikaciyar otal, 'yar Dar es Salaam mai fara'a, ta zo ta ce suna neman dattijuwa wadda ta san girkin gargajiya. Bi Mashavu ta zo gidana da gudu-gudu tana haki.

"Mtumwa, tashi ki taya ni murna! Turawa za su ci miyata."

Ashe ba girki ake so ba. Ranar Alhamis da rana sukan yi wa baƙi abin da suke kira cin abincin ƙauye. An gina wata 'yar bukka mai kyau kusa da wurin wanka, aka ba ta sabon zane, aka zaunar da ita tana kankare kwakwa, tukunya a gabanta babu komai sai ruwa yana tururi. Abincin daga kicin ake kawo shi, ba barkono, ba gishirin kirki. Da ta roƙa a bar ta ta dafa ko sau ɗaya, aka ce dokar tsafta ba ta yarda ba. Aikinta ta yi murmushi a ɗauki hoto. Ta jure har damina ta kusa. Ranar da wani baƙo ya sa tafinta ya ce mata ta sake yin dariyar nan, wadda ta yi ɗazu, hoton bai fito ba, sai ta ajiye kwakwar ta miƙe. Ba ta koma ba.

Mwatima a lokacin tana aiki a wani asibiti a Oman. Da ta zo hutu ta ga yadda uwarta ta rame, sai ta yi abin da take ganin alheri ne. Ta kama musu ɗaki a otal ɗin.

"Mama, kin yi wa mutane hidima duk rayuwarki. Ki zo a yi miki ke ma."

"Ni? A can ciki? Ke dai ba ki da hankali."

Amma ta je, don kada ta kunyata 'yarta. Abin da ya faru a ciki ita ta ba ni labari. Ta ce gadon ya yi faɗin ɗakinta gaba ɗaya, sanyin na'ura ya hana gwiwoyinta sakat. Da safe ta fita bakin ruwa ta tsaya tana kallon mata can nesa suna neman pweza, ta gane wasunsu daga tafiyarsu, ta ja mayafi ta rufe fuska kada su gan ta. Da ta juyo za ta shiga, wani mai gadi baƙo ya tare ta.

"Mama, ba a talla a nan. Zagaya ta titi."

Ta ɗaga masa hannu ya ga warwaron. Ya yi ta ba da haƙuri har da rusunawa. Ta ce masa, "Ba komai, ɗana, aikinka kake yi."

Ba wannan ne ya fi ƙona mata rai ba. A wurin cin abincin rana ta ga pweza tuli a faranti mai tsawo, an gasa ta bushe kamar igiya. Baƙi su ɗiba, su ɗan gutsura, su ture. Da aka tashi, tana zaune tana kallo ma'aikata suka juye ragowar a manyan bokitai, har da wadda ba a taɓa ba. Ta ce mini, "Mtumwa, abin da aka zubar a zama ɗaya, da ni ce, sai in ciyar da masuntan garin nan kaf." Ta sa Mwatima ta nemo almakashi ta yanke mata warwaron, ta dawo gida tun kwanakin ba su cika ba. Mwatima ta yi kuka, ta ce ta wulaƙanta mata kyauta. Sun jima ba sa magana sosai.

Bi Mashavu ta sake hura wuta a gefen titi. Yanzu masu cin abincinta ma'aikatan otal ne, masu shara da masu wanki, wake da shinkafa suke so, mai arha. Idan ruwan sama ya sauka baƙi suka ɗauke ƙafa, otal ya sallami ma'aikata, sai ta yini da tukunya a cike. Ni da jikokina muka sha cinye abin da ya kwana. Damina biyu ta yi a haka, gwiwoyin suka ƙi, ta kai ga ba ta iya tsugunawa gaban murhu.

Bara Mwatima ta kama mata ɗaki a birni, kusa da wata ƙanwar Bi Mashavu, a bene hawa na biyu. Ranar tafiya ta raba tukwanen, babbar ta ba ni, ban san abin da zan dafa a ciki ba. Wani baƙo daga tsallaken teku ya karɓi wurin rumfar yana sayar da katin waya da tabarau.

Nakan je duba ta idan na samu mota. Ƙanwar ce ke yi mata girki. Tana zaune bakin taga, ƙafafu a kumbure, rediyo a kunne ba ta sauraro. Ba ta tambayar otal, ba ta tambayar teku. Takan dai ce in lissafo mata waɗanda suka rasu a gari tun zuwana na baya, in faɗa, ta yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ta ce in tashi in kama hanya, kada motar ƙauye ta tafi ta bar ni.