Kujerar gaba a motar Agali

Shef Manzo ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina fama da babur ya ƙi tashi sai waya ta yi ƙara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tsohon direbanmu Agali ne ya kira daga Arlit. Ya ce jiya da hantsi rai ya yi halinsa, an yi masa sutura bayan la'asar.

Da yawanku ba ku san shi ba. Shi ne shugabanmu a wani ƙaramin kamfanin sondaj, masu huda ƙasa ana neman uraniyom a dajin Imuraren. Lokacin kowa na rububin zuwa arewa neman aiki, ni ma na baro Tasawa da jaka ɗaya. Lokacin ne kuma tawaye ya sake tashi, ana binne nakiyoyi a hanya.

Shef Manzo mutumin Damagaram ne, gajere, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma yabon mutum a gabansa. In ka yi abin kirki, ladanka shi ne a reniyo, wato taronmu na safe, ya ce kai za ka tashi ka yi wa direkta bayani, shi ya koma gefe da goronsa. Faransancina a lokacin abin tausayi ne. Ya bar ni na yi ta tuntuɓe har na kai ƙarshe. Da muka fito ya ce in daina kallon takalmana, ba su suka yi min tambaya ba.

Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a sansani ya aiko min da bargo, wai kar a faɗa min daga wa. Bargon nan kuwa har mai gadi ya san shi.

Da ya naɗa ni shef na ekip, wato shugaban rukuninmu na ma'aikata, akwai waɗanda suka girme ni nesa ba kusa ba. Cikinsu har da Agali, direbanmu, dattijon Ba'abzine mai rawani. Shi ke jan motar gaba duk inda za mu.

Sai magana ta fara yawo. Wai ƙanen Agali ya hau duwatsu wurin ƴan tawaye, wai shi ke gaya musu ta inda za mu bi. Hujjar mutanena ita ce tun da na zama shef ya daina ci a tiren da nake, sai ya ɗauki kwanonsa ya juya mana baya. Suka daina shiga motarsa. Wasu suka same ni suka ce in kai sunansa wurin soji, in ba haka ba su ajiye aiki.

A wancan zamani in sunan mutum ya je wurin soji da irin wannan zargi, ba aikinsa kaɗai zai rasa ba. Ga shi da iyali a gari.

Na ruga wurin Shef don ya ɗauke min. Ya ƙi, ya ce ekip tawa ce. Ya tambaye ni ko kafin a naɗa ni Agali na ci tare da ni. Na ce ƙwarai. Ya ce shi Shef ɗin fa, Agali ya taɓa ci tare da shi? Na yi tunani, na ce ban taɓa gani ba.

"Shekara da shekaru muna tare, Lawali, ban taɓa ganin bakinsa ba," ya ce. "A wurinsu namiji ba ya sauke amawali, rawanin da ke rufe masa baki, ya ci abinci a gaban wanda yake girmamawa. Nauyinka ya fara ji, ku kuma kun mai da shi ɗan tawaye."

Na ce to bari in tara su in yi musu bayani. Ya ce in yi, amma mutanen nan tsoro suke ji, ba za su saurare ni ba, inda zan zauna gobe za su duba.

Washegari akwai tafiya zuwa sabon wurin huda. A al'adar aikinmu shef motar tsakiya yake shiga, domin in akwai nakiya ta gaba ce ke taka ta. Na ɗauki jakata na nufi motar Agali.

Ina buɗe ƙofa sai ga Shef Manzo a kujerar baya, ya miƙe ƙafa yana cin goro. Ba shi da wani aiki a tafiyar nan. Kujerar gaba ya bar min, inda kowa zai hango ni. Na shiga na zauna.

Kafin mu tashi masu ƙorafin sun fara hawa bayan motar ɗaya bayan ɗaya. Ba a sake tayar da maganar soji ba. Aka yi ta cewa sabon shef na da zuciya, Shef Manzo kuwa bai taɓa gyara musu zancen ba.

Rabona da shi tun bara. Na same shi a ƙofar gidansa, ya yi ritaya, ya rame ƙwarai, Agali na dafa masa shayi. Shef ya tambaye ni mutanen da ke ƙarƙashina yanzu, na fara jero su ina ɗan hura hanci. Ya katse ni.

"Cikinsu wa zai iya zama a kujerarka gobe?"

Na ce babu ko ɗaya. Ya ce to ashe da sauran aiki a gabana.

Ɗazu a waya Agali ya ce min da jikin Shef ya yi tsanani shi ke ba shi kunu. Ranar Juma'a Shef ya kau da kai, ya ce ba zai sha ba sai sun sha tare. Agali ya lallashe shi ya ƙi. Dole ya sauke amawalinsa ya kurɓa a gabansa.

"Ya kalle ni," in ji Agali, "ya ce ashe haka bakinka yake."

Na riƙe wayar har ta yanke.

Allah ya jiƙan Shef Manzo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba iyalinsa da Agali haƙurin rashinsa. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'arsa yau.