Mai Kanti, Maƙwabcin da Ya Ƙwace Mini Ɗalibai

Tun masu shara ba su gama goge barandar sashenmu na jami'a ba za ka ji tsohuwar motarsa tana tari a bakin ƙofa. Ba ya shigowa hannu rabbana. Kullum da buhu a kafaɗa, cike da kwalayen magani da ba komai a cikinsu, waɗanda ya bi kemis-kemis ya roƙo a kan hanya. Kuma ba ofis yake fara nufa ba. Akwai wani tsohon sito a ƙarshen baranda da sashe ya manta da shi. Shi ya share shi, ya kafa katakai a bango, ya ɗora wata tsohuwar ƙofa a kan durom biyu, ya ce ga kanta. A nan yake jera kwalayensa yana ƙunƙunin waƙa kafin ɗalibai su iso. Saboda ɗakin nan suka laƙaba masa Mai Kanti, har ainihin sunansa ya ɓace a bakin mutane.

Na san duk wannan domin bango ɗaya ya raba ajina da sitonsa. Ni ke koyar da kimiyyar haɗa magani. Shi kuma darasin sana'a da kasuwanci aka ba shi, wanda lokacin da aka kawo darasin kowannenmu ya sunkuyar da kai kada a ɗora masa. A ƙarshen watan nan zai yi ritaya, aka ce in rubuta wani abu tunda ni ne maƙwabcinsa. Na karɓa. Amma bari in faɗa tun da wuri: mai wannan jinjina mai kishi ne, kuma kishin bai huce ba.

Ku yi mini adalci. Ina tsaye gaban allo, na cika shi da zane, maƙogwarona ya bushe, rabin aji na gyangyaɗi, sai dariya ta fashe a bayan bango kamar za a ɗage rufi. Wata rana na ajiye alli na leƙa. Sai ga babban mutum da digirori irin nawa, ya karkata hula, ya duƙa a kan sanda, ya zama tsoho mai nauyin ji. Wata ɗaliba na bayan kanta tana karanto masa bayanin magani yadda na koya mata, kalma bayan kalma.

"Iye? 'Yar nan me kika ce?" in ji shi, yana kama kunne. "Ni dai in sha da safe ne ko da dare?"

Sai ya miƙe ya gyara hula. "Abin da kika faɗa daidai ne, maƙwabcina ya koyar da ke da kyau. Amma tsohon nan ya tafi gida bai san yadda zai sha ba, kuma gobe wani kanti zai je. Sake."

Wata rana uwa ce shi da ɗa mai zazzaɓi a kafaɗa, wata rana dillalin magani mai zaƙin baki, wata rana saurayi mai jan ido da ke neman abin da ba a bayarwa sai da takardar likita. A sito ɗin nan suka koyi yadda ake neman lasisi, yadda ake zaɓen wurin buɗe kanti, yadda ake sa magani mai kusan lalacewa a gaba, da yadda ake ce wa mutum a'a ba tare da an wulaƙanta shi ba.

Sai kuma ƙwanƙwasar ƙofa. Tsofaffin ɗalibai sukan dawo, wasu da tumbi, wasu da goyo. A buga mini ƙofa, in gyara zama ina murmushi, sai a leƙo:

"Sannu da aiki, Farfesa. Don Allah Mai Kanti yana nan?"

Ni da na kwana a kan takardun jarrabawarsu na zama mai nuna hanya. Sakatariyar sashe ta taɓa ba ni labari, ba don na tambaya ba, cewa lokacin da ruwa ya shiga kantin wani tsohon ɗalibinsa, Mai Kanti ya kwashe hutunsa a can, wando a naɗe, yana ware abin da za a iya ceta da abin da dole a zubar. Ta ce yaron ya so ya shanya wasu kwalayen ya mayar kan kanta, shi ya tsaya a kansa har aka zubar. Na ce mata ai abu ya yi kyau, na koma ofis.

Duk wannan da sauƙi. Inda abin ya shigo mini har ɗaki shi ne da autata ta shiga sashenmu. Yarinyar da tun tana rarrafe take wasa da farar rigata. Muna cin abinci sai ka ji, "Baba, Malam ya ce mai ciniki ba ya manta wanda ya saurare shi." Gobe kuma, "Baba, Malam ya ce…"

Ranar na ajiye cokali na ce, "Ni fa? Ni ban taɓa cewa komai ba?"

Mamanta ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Baban yara, ka ci abincinka. Kai ma ka yi ta faɗa, sai dai ba a ganewa."

Da Auta ta gama, na riga na shirya mata hanya: digiri na biyu, ɗakin gwaje-gwaje, wata rana kujerata. Ta durƙusa gabana ta ce ita kanti za su buɗe da ƙawarta, a wata unguwa can bayan gari inda sai an hau mota kafin a sami maganin ciwon kai. Ban hana ba, amma da na haɗu da Mai Kanti a baranda na ce masa, "Maƙwabci, ɗalibai ba su ishe ka ba sai ka haɗa da 'yata?"

Ya yi dariya. "Farfesa, kai ka cika mata kai. Ni ƙofa kawai na nuna mata."

Kantin ya fara tafiya, sai wani babban kemis mai gilasai da fitilu ya buɗe a tsallaken titi. Ciniki ya tsaya cak. Auta ta rame, ta daina surutu a wajen cin abinci. Daga baya mamanta ta gaya mini cewa ƙawar ta fara matsa mata su riƙa sayar wa samarin unguwa abin da suke tambaya ba takarda, in ba haka ba su rufe. Auta ta shiga bayan kanta ta yi kuka, sannan ta ɗauki waya. Ba ni ta kira ba.

Kai ta kira, Mai Kanti. Kai ne ka zo da safe, ba ka yi musu lacca ba, ka ja benci ka zauna a ƙofar kanti kana kallon titi har rana ta take. Auta ta ce da ka shigo tambaya ɗaya ka yi: "Tsofaffin nan da ke wucewa da leda a hannu, daga ina suke?" Daga asibitin da ke saman unguwar suke, da maganin hawan jini da na suga, ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani. Ka ce a cire kwalayen da ke lungu a sa kujera mai hannu, a kawo abin awon jini, duk wanda ya shigo a zaunar da shi, ko a nan ya saya ko ba a nan ba. Ƙawar kuma ka ja ta gefe. Ba wanda ya ji abin da ka faɗa mata, amma maganar samarin nan ba ta sake tashi ba.

Tsofaffi suka fara zuwa hutawa, sannan suka fara zuwa da 'ya'yansu. Babban kemis yana nan, su ma suna nan, har sun ɗauki ma'aikaciya.

Bara likita ya ce jinina ya hau. Na je kantin da takardata, niyyata in karɓa in wuce, tunda na san maganin fiye da wanda ya rubuta shi. Auta ta nuna mini kujera.

"Baba zauna."

"Ke, ni za ki yi wa bayanin wannan? Ni na koya miki shi."

"Na sani, Baba. Amma yaushe za ka riƙa sha, kai da ba ka karyawa sai rana ta yi?"

Na zauna. Ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta zauna daidai fuskata, ta yi mini bayani a hankali. Ilimin nawa ne, na gane shi sarai. Amma zaman, da haƙurin, da kallon ido, naka ne. Na fito ina alfahari da ita, ina jin haushinka, ban san wanda ya fi yawa ba.

Na gode, maƙwabci. Na gode a madadin iyayen da 'ya'yansu ba su zauna gida jiran aiki ba, da unguwannin da suka sami mai magani na gaskiya a kusa. Ku kuma matasan malamai da ke gudun darasinsa kamar yadda muka guda, wani ya tashi ya karɓa. Ku koya wa yaran nan magani, ku koya musu mutane. In kun yi shi da kyau, wani tsoho a ofishin kusa zai ji haushinku. Kada ku damu da shi. In 'yarsa ta shiga uku, addu'a zai yi ku ɗauki waya.