Gorar Baƙin Gari

A ƙarshen shekarun saba'in ina aikin buga takardu a biro, wato ofis, na wani furoje, shirin taimakon noma, a Magarya, irin waɗanda suka shigo ƙasar bayan babban fari da fararen motocinsu. Mu biyu ne a ɗakin keken rubutu, ni da wani dattijo ɗan ƙauyen Kwaya da nake ce wa Baba. Shi kuwa tun ranar da na fara aiki 'yata yake ce mini.

Baba ba shi da sauƙin zama. Yana da faɗa, yana da girman kai, kuma goron da yake ci yakan bar ja a gefen takarda, darakta ya dawo da ita. Da yatsa biyu yake bugu. A zamanin Nasara ya koya, lokacin yana planto, ɗan aiken biro, yana leƙen hannun wani akawu, don haka ba shi da takardar shaidar komai. Ni ina da ita, daga Damagaram na samo. Amma shi ya nuna mini yadda ake jera karbon, da yadda ake kankare kuskure ba a huda takarda ba, da wanda ake gaisarwa a tsaye a biron nan da wanda ake gaisarwa a zaune. Lokacin da nake da cikin fari, in amai ya taso mini, sai ya jawo tarin aikina zuwa gabansa yana mita, yana cewa yaran yanzu ba su da ƙashi.

Aikinmu maimaici ne. Sanarwa guda za a aika wa malaman gona na Kwaya da Sassumbrum da ƙauyukan wajen Dungas, sai mu yi ta bugunta, mu sake, domin karbon ba ya kai wa takardar ƙasa da kyau. Yatsuna sukan kwana suna zugi. Saboda haka ba zan ce ban yi murna ba ranar da kamyo, babbar motar kaya, ya sauke injin fotokopi a ƙofar biro.

Da mai haɗa shi aka zo daga Yamai. Inji ne babba, ya kai tsayin ƙugu, kuma wurin da ya dace da shi shi ne inda teburin Baba yake, kusa da wayar wuta. Aka fitar da teburin zuwa baranda. Mai haɗin ya sa aka tada gurup, injin da ke ba mu wuta, ya ɗora takarda, haske ya wuce, sai ga irinta ta fito da ɗumi. Ni aka ce in tsaya in koya. Ya nuna mini inda ake zuba baƙin gari, wanda shi ne tawadar injin. Sannan ya buɗe wata ƙaramar ƙofa a gefe, ya nuna mini wata gorar roba a kwance a ciki.

"Garin da bai kama takarda ba nan yake taruwa," in ji shi. "In ta cika, jar fitila za ta kama, inji ya tsaya. Ki cire ta, ki toshe bakinta, ki sa sabuwa. Kada a zubar a mayar da ita."

Na tambaye shi ina sabbin. Ya ce suna hanya.

Wata biyu ba su cika ba darakta ya kira Baba. Darakta ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da na san inda zan ajiye ƙiyayyata. Ya ba shi kujera, ya yi masa bayani a tsanake, cewa masu ba da kuɗi sun ce mai bugu ɗaya ya isa yanzu, kuma sai mai takardar shaida. Baba ya fito ya tattara ƙwaryar goronsa da buzun sallarsa. Na miƙe zan yi magana, ya ɗaga mini hannu.

"Zauna, 'yata. Ba ke kika yi ba."

Ya koma Kwaya, gonar da ya bar wa ƙannensa shekaru da yawa. Gyaɗa ta riga ta daina yi a lokacin, gero kuma ba ya kai mutum ko'ina.

Jar fitilar ta kama ana tsakiyar shirin rabon iri. Na gaya wa darakta abin da mai haɗi ya ce. Ya ce sabbin gorunan ba su iso ba, aiki kuma ba zai jira ba, in zubar in mayar. Na ɗauki gorar zuwa bayan biro, gindin wata bedi. Ban taɓa ganin gari mai laushi haka ba. Ko ba iska sai ya tashi. Ya shiga hancina, ya kwanta a gashin idona, ya kama zanena. Da na wanke hannu da ruwan zafi sai ya ƙara mannewa. A gida mijina ya dube ni ya ce ko sayar da gawayi na koma. Kwana biyu ina kakin baƙi.

Haka muka yi ta yi, ta cika, in zubar, in mayar. Ana nan sai wuyan gorar ya tsage, ina jin zafin bazara ne ya busar da robar. Direbanmu ya naɗe shi da robar taya. Garin ya riƙa zuba a cikin injin, takardu suna fitowa da baƙin zane daga sama har ƙasa, har ya zama ba a iya karanta su. Darakta ya ce a kashe kafin a lalata abu mai tsada. Aka lulluɓe shi da tsohon labule. Aka yi waya Yamai, aka ce gorunan daga ƙasar waje suke zuwa, a yi haƙuri.

Aiki ya dawo kan keke, ni kaɗai. Na yi ta bugu har wuyan hannuna ya kumbura, takardu suna taruwa, malaman gona suna zuwa su koma hannu wofi. Wata safiya darakta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Madam, wannan tsohon naki, yana nan kuwa?"

Ni aka aika, wai ni yake jin maganata. Direba ya kai ni Kwaya cikin yashi. Na tarar da Baba a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya, ya rame, tafin hannunsa duk kanta. Matarsa ta kawo mini fura. Sai da na sha na faɗi saƙon, kuma na faɗe shi yadda aka ba ni: ba mayar da shi aka yi ba, aikin rana-rana ne, a ƙarƙashina, har injin ya tashi.

Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa. Na so ya ƙi. Wallahi na so ya zage ni, ya zagi darakta, in koma in faɗa musu.

"Rumbu ya kusa ƙarewa," ya ce. "Ranar Litinin zan zo."

Ya zo. Aka bar masa tebur a baranda inda yake, domin ba wanda ya yarda a motsa injin. Kowace safiya yakan tsaya a gabana ya ce, "Madam, ina aikin yau?" Na ce masa, "Baba, don Allah ka daina ce mini haka." Ya ce ai haka ake ce wa shugaba. Ya daina faɗa, ya daina mita, goro ma sai an tashi yake ci. In ya yi kuskure yakan kawo mini takardar da hannu biyu ya ce a gafarce shi. Duk daminar nan haka muka yi ta, ni a ciki kusa da injin da aka lulluɓe, shi a waje, feshin ruwa yana korarsa daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Bayan kaka kwalin ya iso. Gorunan suna ciki a jere, kowace a cikin ledarta. Ba a aiko da mai gyara ba. Darakta ya ce ai ni aka koya wa, in sa.

Na yaye labulen. Ina durƙushe ina neman ƙaramar ƙofar sai na ji motsi a bayana. Baba ne, da tsofaffin jaridu. Ya shimfiɗa su a ƙasa gaban injin, ya ce in matsar da bakin zanena.

"Rufe hancinki da gyale, Madam."

Na rufe. Na jawo tsohuwar gorar a hankali. Robar tayar ta narke ta manne mata, garin yana zubowa ta tsagar. Baba ya tara jarida ya karɓa, ya naɗe ta. Ya kawo tsumma da ruwan randa, na yi ta goge cikin ramin, shi yana riƙe mini ƙofar don kada ta rufo mini hannu. Mun daɗe muna goge-goge. Ina jin numfashinsa a kaina. Na yi ta fata a raina cewa injin ya riga ya mutu, ko ɓera ya ci wata waya a ciki, ko gorar ta ƙi shiga. Na ɓare ledar sabuwar gora, na cire murfin, na daidaita bakinta da bututun injin, na tura. Ta shige ta ce ƙas, kamar don wurin aka haife ta.

Aka tada gurup. Injin ya yi gurnani, ya ɗau zafi, jar fitilar ba ta kama ba. Takardun farko sun fito da datti, na bayansu suka fito fes. Darakta ya ɗaga ɗaya sama yana dariya, ma'aikata suka taru suna tafi, wani ya ce Madam ta zama injiniya. Hannuwana baƙi ƙirin har gwiwar hannu, na rasa inda zan sa su.

Da na fita neman sabulu, Baba ya riga ya rufe kekensa. Bai jira an kira shi ba. Takardar da yake bugu ya ƙarasa ta, ya ajiye a kan teburina.

"Baba, tsaya in yi wa darakta magana."

"Ki ce masa me?"

Ya dubi hannuwana.

"Da ruwan sanyi za ki wanke," ya ce. "Ki gaida maigidan."

Duk da haka na shiga wurin darakta. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi ma abin yana damunsa, amma tun farko an gaya wa tsohon sharaɗin, ni ce ma na kai masa. Ya ce zai sa direba ya kai shi har gida. Baba bai shiga motar ba. Direban ya ce ya gan shi a bakin kasuwa yana hawa amalanken wasu mutanen garinsu.

Injin ya yi aiki har furojen ya ƙare. Na sauya gorar sau da yawa bayan nan, na ƙware, ko ɗigo ba ya taɓa zanena. Da masu kuɗin suka tattara suka tafi, aka kai shi magaza, ɗakin ajiya, tare da ragowar gorunan da ba a buɗe ba, ni kuma aka mayar da ni wani biron. Baba ya ci gaba da noma a Kwaya. Na je gaishe shi sau ɗaya da sallah, ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka yanka mini zabo, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Amma hirar ta ƙi tafiya, kuma ban sake komawa ba. Labarin rasuwarsa ma a bakin wani malamin gona na ji, an riga an yi sadakar arba'in.