Jan Tabo a Kan Maɓallai Huɗu

A shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, ina aji na biyu a kwaleji a Zinder. Gidanmu yana cikin Birni, a lungun da mota ba ta shiga. A shekarar ce baffana na Garagumsa ya kawo 'yarsa gidanmu. Ta girme ni da shekara biyu, amma ajinmu ɗaya, don ta makara shiga lakwal, wato makarantar boko. Yaya nake ce mata. Ina bayan ƙyaure na ji sharaɗin da baffa ya gindaya wa Baba: muddin tana karatu ta zauna, ranar da karatu ya ƙare ta koma ta taya uwarta jiƙa anza. Anza 'ya'yan wani itace ne masu ɗaci, sai an yi kwanaki ana jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Abin da ake ci ke nan a can. Mu a Birni tuwo ya koma sau ɗaya a rana, amma dai tuwo ne.

Kwalejinmu tana da ɗaki ɗaya mai ordinata uku, wato kwamfuta, tsofaffi, kyautar wasu baƙi. Malaminmu na lissafi, wanda muke kira Mushe kawai, yadda ake cewa malam da Faransanci, shi ke koya mana su. Ɗaya daga cikinsu ta zo da wani tsohon wasan harbi. Sau ɗaya Mushe ya nuna mana. Ba ka ganin mutumin da kake tuƙawa, sai bakin bindigarsa a ƙasan gilashi, kamar kai ne kake riƙe da ita, kana bin lunguna kana harbin dodanni. Hoton duk gutsi-gutsi ne, in dodo ya matso sai fuskarsa ta koma kamar saƙar tabarma. Kuma mutumin ba ya iya ɗaga kai ko sunkuyawa, kamar mai ciwon wuya. Darakta, shugaban kwalejin, ya leƙo ranar, ya ce ana yunwa a gari mu muna harbi. Ya sa aka goge wasan a gabansa, ya ce duk wanda ya maido shi ya bar makarantar.

Sharar ɗakin kuwa ta ranar Laraba ce, bayan an tashi da rana, tunda ba a komawa da yamma. Yaya aka ba wa. Takan karɓi makulli a hannun surbeyan, wato mai tsare mana ƙofa da rubuta sunan masu makara, ta share, ta mayar masa.

Wata Alhamis da safe aka kira ajinmu duka zuwa ɗakin. Darakta yana tsaye, surbeyan yana jingine da ƙofa, Mushe yana zaune gaban ordinata ta tsakiya. Wasan ya dawo. Amma sai da na dube shi da kyau na gane shi.

"Mushe, wannan shi ne wanda na sa aka goge, ko wani ne?" in ji darakta.

"Shi ne, kuma ba shi ba ne. Kamar tsohuwar mota ce aka cire injinta aka sa sabo. Lungunan su ne, dodannin su ne, abin da ke tuƙa su ne sabo. Daga Kano ake kawo shi a faifai. Duba."

Ya ja abin nan na kan tebur da muke kira ɓera, sai mutumin ya ɗaga kai. Ashe wurin yana da rufi, wani wurin ma yana da sama, ja, mai gizagizai. Duk ajin muka ɗaga haɓa tare da shi, don mun yi watanni muna kallon sama ko ruwa zai zo. Ya sa shi ya yi tsalle ya haye wani akwati, ya sa shi ya tsuguna ya shige ƙarƙashin wata ƙofa. Ya harba cikin duhu, hasken ya faɗa kan bango ya ɓace. Fuskar dodon ta yi sumul, har haƙoransa suna ƙirguwa. Ya ce yanzu sai ka saita da kanka, da kuwa wasan ne yake saita maka. Ya ce ana iya haɗa ordinata biyu mutum biyu su shiga tare. Ya ce yana ajiye wasan ƙarshe da aka yi, a sake kallonsa kamar fim, in ba a hana shi ba.

"Ba talla na ce ka yi mini ba," in ji darakta.

Mushe ya ɗauke hannunsa. Ni kuwa na riga na ga yadda yatsunsa suka faɗa kan maɓallan ba tare da ya duba ba. Shi na fara zarga.

Darakta ya sunkuya kan allon maɓallai. A gefen hagu, huɗu daga cikinsu, waɗanda ake tafiya da su a wasan, suna da tabo ja-ja a gefe. Ya goga da ɗan yatsa, ya duba, ya ɗago.

"Wa ke share ɗakin nan?"

Yaya ta fito. An yi suna a maƙwabtanmu ranar Lahadi, an sa mana lalle mu duka. Nawa ya yi fari-fari, nata kuwa ya kama sosai, har bakin farce.

"Nuna hannunki."

Ta nuna.

"To. Makulli a hannun mutum biyu yake, surbeyan da ke. Surbeyan kuwa ba ya sa lalle."

Maza suka yi dariya. Surbeyan bai yi ba, yana duban takalminsa. Yaya ta ce, "Mushe darakta, wallahi tsintsiya kawai nake taɓawa." Ya ce ranar Litinin ta zo da wanda yake riƙe da ita, kafin nan kada ta shiga aji.

Kowace mace a ɗakin ta san lalle in ya bushe aka wanke ba ya bin komai. Da yana bi, da tuwon gidan biki duk ja ne. Amma ba wadda ta buɗe baki. Ni ko a aji, in an tambaye ni abin da na sani, sai na ji harshena ya yi nauyi.

Ba mu gaya wa Baba ba. Ranar Juma'a Yaya ta sa kayan makaranta muka fita tare kamar kullum, ta tsaya a wata inuwa kusa da ƙofar gari, ni na wuce. Kuma dole in faɗi abin da ba na son faɗa. A hanya na fara lissafi a kanta. Kowace Laraba ni nake riga ta isa gida da wajen awa biyu. Shara ba ta cin awa biyu. In Inna ta tambaye ta sai ta ce ƙura ta yi yawa. Ranar da Mushe ya nuna mana tsohon wasan, ita kaɗai ce cikin mata ba ta rufe ido ba. Tabon ba lalle ba ne, wannan na tabbata, amma wannan bai ce ba ta zauna a kujerar ba. Ko wani ya ba ta faifan? Ko Mushe ne ya sa, ita ta yi shiru? Na tuna ya taɓa ce mata tana da kai. Na bi duk maganar da ta taɓa yi mini ina juya ta.

Da muka tashi ban tarar da ita a inuwar ba. Wata mai ƙosai ta nuna mini inda ta bi. Na bi ta daga nesa, ina laɓewa bayan amalanke, har tasha. Can na hango ta wajen motocin Takieta, masu bin hanyar garinsu, tana tsaye gefe, tana jiran direba ya gama magana. Na matsa na ji.

"Baba direba, ka ga mutanen gidanmu?"

"Ke kuma yau ba Laraba ba! Na ga babanki a kasuwa, ya kawo akuyar nan ta ƙarshe. Ƙanenki da ke kwance ya miƙe, yana tafiya. Je ki, kada ki tare mini fasinja."

Awa biyun ke nan. Na juya da sauri na riga ta zuwa gida.

Magana ba zan iya ba, amma rubutu ina iyawa. Mushe ya ba mu aikin gida da za a karɓa ranar Asabar. A ƙarƙashin lissafi na ƙarshe na sa bik, wato biro, na rubuta da ƙananan baƙaƙe: lalle busasshe ba ya bin komai, a tambayi kowace mace. Na ƙara layi ɗaya: ka ce yana ajiye wasan ƙarshe. Na daɗe ina tunanin in goge wannan layin. In shi ne mai laifin, na ba shi dama ya share fim ɗin kafin Litinin. Na miƙa kayen nawa, wato littafin aikin, a haka.

Mushe ya kira ni lokacin hutu.

"Ashe kina da baki, a bik kika ɓoye shi. Wa kike so a gani a fim ɗin?"

Na saci kallon yatsunsa.

"Ni kike zato?"

Na dubi ƙasa. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ba a ganin fuskar mai wasa, kin sani. Tafiyarsa kawai ake gani."

"Ko tafiyar ce, Mushe."

Ya daɗe yana juya kayen a hannunsa. Ya ce in tafi.

Ranar Litinin dole muka gaya wa Baba, da asuba, yana shirin fita. Bai yi faɗa ba. Ya sa babbar riga ya biyo mu. Aka shiga ɗakin ordinata: darakta, Mushe, surbeyan, Baba, Yaya. Ni ba a kira ni ba, Mushe ne ya ce in riƙe masa alli in tsaya a ciki. Ya ce kafin a yanke magana yana roƙon a kalli wasan ƙarshe da aka yi. Darakta ya ce a yi sauri.

Mushe ya danna ya naɗe hannuwansa. Wasan ya fara tafiya shi kaɗai, ba mai taɓa shi. Baba ya ce, "Ikon Allah."

Mai wasan ba ya gudu. Ba ya tsalle ko sau ɗaya. A hankali yake tafiya, yana bin jikin bango. Da ya iso ƙofa ta farko bai shiga ba. Ya raɓe a gefenta, ya tsaya cak, kamar mai saurare. Ya ɗan leƙa, ya janye. Ya ƙara jira. Sannan ya faɗa ciki gaba ɗaya, ya juya ya duba bayan ƙyauren tukuna, kafin ya dubi tsakiyar ɗakin inda dodannin suke. Ƙofa ta biyu, haka. Ta uku, haka, har dodo ya kusa cinye shi yana duban bayan ƙofa.

Babu ɗalibi a kwalejin nan da bai san wannan shigar ba. Haka ake shigo mana aji in malami bai zo ba, a kama masu surutu, a fara da wanda aka sa gadi a bayan ƙyaure. Maza har kwaikwayonta suke yi a fili. Na saci kallon surbeyan. Yana riƙe da ɓarin goro da ya saba ɓantara da farce, babban yatsansa da manuni jawur. A hankali ya sa hannun cikin aljihu.

Darakta ya kalli ƙofa ta huɗu har ƙarshe.

"Kashe," ya ce.

Baba, wanda bai san komai game da shigar ba, ya ce, "Ni dai ban gane ba. 'Yar tawa ce take wannan sanɗar?"

Darakta ya ce, "A'a, Alhaji. Mun ɓata maka lokaci. Irin waɗannan abubuwa, cuta ce take shigo da su cikin ordinata, daga faifan Kano. Yarinya ta koma aji." Ya juya wajen Mushe. "A goge. Makullin kuma daga yau a ofishina zai kwana."

Ba a ambaci sunan kowa ba, ranar ko bayanta. Surbeyan ya ci gaba da tsare ƙofarsa. Daga baya na ji mutum tara suka sauka a gidansa daga Gouna a shekarar, gudun yunwa, ɗaki biyu gare shi, shi ya sa ba ya komawa gida da rana. Har yau ban san wanda ya sa masa sabon injin ba. Mutumin da bai gano yadda ake tsalle ba, ba shi zai iya sa shi ba. Kuma ban san ko Mushe ya kalli fim ɗin tun ranar Asabar ya zaɓi wanda zai nuna ba.

A hanyar gida Yaya ta tambaye ni yadda aka yi Mushe ya tsaya mata. Na gaya mata abin da na rubuta. Ta rungume ni a tsakiyar lungu. Daɗi ya kwashe ni, sai na ƙara da cewa na ji ƙanenta ya miƙe.

Ta sake ni.

"A ina kika ji?"

Na kau da kai.

"Bin sawuna kika yi. Ke ma kin ɗauka ni ce."

"Yaya, kwana ɗaya ne kawai."

"Kwana ɗaya." Ta gyara kallabinta. "Darakta bai san ni ba. Ke tabarma ɗaya muke kwana."

Ta wuce gaba, na bi ta a baya har gida. Ta gama kwaleji a gidanmu, ba ta koma jiƙa anza ba. Amma wannan makon duk, da aka zubo mana tuwo a kwano ɗaya, sai ta ja layi da yatsa a tsakiya, ta ci nata gefen.