Jan Barsim a Tagar Ummulkhairi

Sunana Ma'aruf Mailafiya, kuma a unguwar Shisha ta Makka idan ana maganar ganye da saiwa, sai an zo shagona. Kada ku ɗauka wani ne ya ba ni wannan matsayi, ni na ba kaina. A Makka aka haife ni, a cikin buhunan kanumfari da hulba na girma, kuma duk ganyen da na sani a duniya a bushe na san shi. Amma ba labarina zan ba ku ba, na matata ne.

Ummulkhairi tana ƙarama iyayenta suka zo da ita Hajji daga Funtuwa, suka zauna. Takardunta ba su taɓa daidaita yadda za ta je gida ta dawo ba. Ta soya ƙosai ta sayar wa alhazai a Mina, ta yi ɗinki, ta raini 'ya'yanmu har suka fi ni tsawo. Abin da ya rage mata na Funtuwa shi ne damina. Ta kan ce akwai wata ciyawa a bayan gidan kakarta da ke fure bayan ruwa, kuma burinta ta ga abin da ta shuka da hannunta ya yi fure ko sau ɗaya a garin nan. Ba gwangwanin madara da ke tsira a gidanmu. Ta shuka yakuwa, ta shuka tumatir, ta shuka abin da ban san sunansa ba, zafin Makka ya ƙone su duka kafin su kai ga fure.

Bana da sanyi ya shigo, wani abu ya tsiro mata a tagar kicin, inda rana ba ta kaiwa. Da ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, take shayar da shi. Wata safiya ta kira ni.

"Baban Nuha, zo ka duba min. Ina jin jan barsim ne."

Na yi dariya har na sarƙe da shayi. Jan barsim! Furen da nake auna wa mata a shago kullum. Ni ke gaya musu ana shan shayinsa saboda zafin nan da ke taso wa mace idan shekaru sun ja, wasu kuma saboda tari. Ni ke gargaɗin mai ciki da mai shan maganin tsinka jini su bar shi sai sun ga likita. Yau kuma za a nuna min shi a gwangwani?

"Haba Ummulkhairi," na ce. "Jan barsim launin ƙasa ne, yana ƙaras-ƙaras a hannu. Wannan ciyawar tumaki ce."

Ba ta yi musu ba. Ta ɗaga reshe ɗaya ta nuna min: ganye uku-uku, kowanne da wani farin zane kamar bakwai ta Larabci, karan kuma da gashi mai laushi. Autarmu Nuha ta zo da waya ta buɗo hoto, ga ganyen nan sak. Na ce waya ba ta taɓa tsayuwa a shago ba. Wallahi haka na faɗa, har da gyara hula.

Daga nan na sa wa ciyawar nan ido. Na ce tana tara sauro. Na ce maƙwabta za su ce gidan Mailafiya ana kiwon zomo. Ita kuwa kullum sai ta juya gwangwanin, ta taɓa ƙasar da yatsa, ta leƙa sama, don sanyin Makka ba ya daɗewa kuma zafi ya fara sallama. Ta roƙe ni abu ɗaya, in bar mata shi ya yi fure. Na ce to, na bar miki, fure zai raba mu.

Ya kuwa yi. Guda ɗaya tak, dunƙulalle kamar ƙaramin ƙwallo, ja mai haske yana komawa ruwan hoda. Na same ta tsaye a gabansa da ludayi a hannu, miya na ƙuna a kan wuta ba ta ma ji ba. Rabon da in ga fuskarta haka tun ranar da aka haifi Nuha. Ta ciro ɗan tsinke ɗaya daga jikin furen ta tsotsa, ta ce da zaƙi, ta miƙo min wani.

Mutum mai hankali zai tsotsa ya ce masha Allah. Ni kuwa na duƙa, na shinshina, na yi irin tsakin da nake yi wa dillalai.

"Kyau kam yana da shi. Amma nawa ba haka yake ba."

Ta dube ni. Ta ajiye ludayin. Ta sa farce ta tsinke furen, furen da ta jira tun tana yarinya, ta ɗora shi a faranti ta kai saman firji.

"Halas, shi ke nan," ta ce. "Mu jira."

Ta koma kan miyarta da ta ƙone. Kwanaki ina wucewa ta gaban firjin nan kamar mai bin bayan gawa. Jan ya dushe, ruwan hodar ya tafi. Cikin makon ne iska mai zafi ta taso, ganyen da ke gwangwanin ya kwanta bai ƙara tashi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ta sauko da farantin ta juye min a tafin hannu. Launin ƙasa, ƙaras-ƙaras. Ko ido rufe na san shi. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata, sai a lokacin tambayar da ya kamata in yi tun farko ta zo min.

"To ina kika samu irinsa?"

"A ƙasan ledar busasshen furen. Nuha ke sayo min a shagon Talal."

Talal! Mai shagon da ke kallon nawa, wanda nake cewa bai san citta da kurkum ba. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai maganar ta ƙarasa shiga kaina. Na tuna yadda take tsayawa gaban firji a buɗe tana fifita da mayafi, da yadda nake kashe mukayyif ina cewa ana ɓarnar wuta.

"Ke ma... zafin nan?"

"An daɗe."

"Me ya hana ki gaya min? Ga shi buhu guda a shago!"

"Matan unguwa daga bakin ƙofa kake gane nasu," ta ce. "Na ɗauka ni ma za ka duba."

Ta ɗauki gwangwanin ta zubar da ƙasar, ta wanke shi ta kife. Na ce gobe zan kawo mata iri, mai kyau, ko daga ina ne. Ta ce in bari sai sanyi ya dawo, in da rai. Na je na kunna mukayyif, na dawo na tsaya a kicin da busasshen furen a hannuna, ban san inda zan ajiye shi ba.